Kada Ki Buɗe wa Gwaggonki Ƙofa Ɗaya

Umdurman, ranar Alhamis

Zuwa ga 'yata Hawwa, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya ƙetarar da ke gada lafiya, Ya sauke ki gidan Kawunki a unguwar Alshajara ta Khartum lafiya, Ya tsare ki a fitarki da shigarki. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ko da yake ita ce za ta cusa takardar a jakarki, ƙarƙashin garin kuka da busasshiyar kuɓewa.

Na san za ki yi dariya. Kogi kawai za ki ƙetare, amma tsoho ya zauna yana cika takardu sai ka ce bangon duniya za ki. Mahaifiyarki ma ta gama yi mini tsiya tun da safe. To ya zan yi? Ba kya bari in ƙarasa magana. Da ranki ya ɓaci sai ki juya Larabci ki sa gudu, ni kuwa abin da ke can cikin cikina da Hausa yake fitowa, kuma a hankali yake fitowa. A takarda dai ba za ki katse ni ba.

Jiya muna cin abincin rana kika ce da zarar kin kama aiki a ofishin lajnar haɗin gwiwa, wato kwamitin da ke haɗa ɓangarorin gwamnati, abu na farko da za ki yi shi ne ki je wurin wani babba a ɓangaren hulɗa da ƙasashen waje, wanda ya koyar da ku a jami'a, ya sa hannu a takarda ɗaya, Gwaggonki Zainabu ta dawo gida. Na ce a'a. Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda na so, har mahaifiyarki ta cire hannu daga kwano. Kika dube ni kika ce, “Baba, yayarka ce fa, ciki ɗaya.”

Wai ni za a tuna wa! Zainabu ce ta goye ni bayan rasuwar Inna, wadda kika ci sunanta. Ita ta daina zuwa makaranta ta koma soya gyaɗa a bakin kasuwa don ni in je. Na san inda take, kuma ba na mantawa ko a cikin salla. Tun ranar da yaƙin nan ya kore ta daga unguwar Kalakla da jikokinta, daga ita sai mayafin jikinta, take zaune a sansani can ƙetaren iyaka. Takardunta sun ƙone tare da ɗakinta. Ciwon suga ya kama mata ƙafa. A nan Umdurman aka haife ta, a nan aka haifi ubanmu, amma yaron da ke tsaye a kan iyaka bai san haka ba, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da yake gani shi ne tsohuwa marar takarda, mai Larabci da wutsiyar Hausa. Ina son ta dawo fiye da yadda kike so, Uwata. Shi ya sa na ce a'a, kuma shi ya sa zan ba ki labarin ɗakin da za ki shiga, don na zauna a irinsa shekaru masu yawa kafin in yi ritaya.

A unguwa mutane suna cewa “gwamnati ta ce”, kamar gwamnati wata tsohuwa ce mai baki ɗaya da ke zaune a Khartum. Ranar da kika shiga za ki ga ba haka ba ne. Akwai mu masu hulɗa da ƙasashen waje, burinmu a zauna lafiya da maƙwabta, kuma alƙawarin da jakada ya yi a cika shi. Akwai mutanen tsaro, su kuma kullum tunaninsu me ke ƙarƙashin buhun da ke cikin mota. Akwai masu fasfo da rajistar mutane. Akwai mutanen lafiya masu tsoron kwalara, da mutanen baitulmali masu tsoron kowa. Akwai sojan da ke riƙe da hanya. Kowannensu yana da gaskiyarsa, kowannensu yana da mudirinsa, wato shugabansa, da yake tsoro, kuma babu wanda ke ƙarƙashin wani. Aikin lajna shi ne ta zaunar da su a tebur ɗaya har su fito da magana ɗaya. Wallahi ban taɓa ganin aiki mai wuya da daraja irinsa ba, ko da yake ba wanda ake yi wa tafi a kansa.

A zamanina wadda ke shugabantar teburin ita ce Ustaza Su'ad, Allah Ya jiƙan ta. Gajeriyar mace ce mai farin mayafi irin na ma'aikata, da tabarau rataye a wuya. Ba ta da soja ko ɗaya, ba ta da ikon korar kowa, ba ta iya tilasta wa ko masinja na wani ɓangare. Abin da take da shi tebur ne da waya da haƙurin da ban san inda ta samo shi ba. Amma manyan hafsoshi masu taurari a kafaɗa suna gyara zama in ta sa tabarau.

Tana da wata al'ada. Ba a fara taro sai an ci fatur, wato karin kumallo, tare. Kin san dai yadda ofisoshin Khartum suke da hantsi, kowa ya ja mutanen ɓangarensa su kewaye kwanon ful, dafaffen waken nan, a ɗakinsu. Ita ta hana wannan. Ranar taro, babban tire ɗaya ake kawowa tsakiyar teburin lajna, ful da man riɗi da albasa da gurasa, soja da likita da ɗan boko mai ɗaurin wuya duk hannu a wuri ɗaya. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne. Daga baya na lura rabin aikin a bakin tiren nan ake yinsa, don mutumin da ya miƙo maka gurasa yana jin nauyin ya ɓoye maka abin da zai jefa ka a rami gobe.

Kuskurena na farko na sababbin shiga ne, kuma ina ganin alamunsa a tattare da ke. Na zo teburin a matsayin jarumin ɓangarenmu. Ina ganin labari dukiya ce, wanda ya riƙe ya fi wanda ya bayar. Wata rana muka sami sanarwa daga ofishin jakadancinmu cewa wani wakili na ƙasar maƙwabta yana zuwa a kan maganar buɗe wata kasuwar dabbobi ta kan iyaka. Na riƙe labarin, ina jira in baza shi a taro in ga idon kowa ya raina fata. Ashe wakilin ya fi ni wayo. Ya sauka ya fara da mutanen ciniki, suka ce masa marhaban, mu ma muna so. Ya je wurin mutanen tsaro, suka ce ba yanzu ba. Kafin ya iso wurinmu yana da amsa biyu a aljihu, ya zaɓi mai daɗin ya aika wa ƙasarsu. Makonni muka yi muna ɗinke abin da ya yage, don su suna ganin mun yi alƙawari mun saɓa.

Ustaza ba ta yi mini faɗa ba. Ta cire tabarau ta ce, “Ya Ustaz Habu, labarin nan da ka kwanta a kansa, ya ƙyanƙyashe maka wani abu?” Kowa ya yi dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Daga ranar na fara kallon yadda ita take yi. In baƙo ya fita daga ofishinta, kafin ya kai ƙofar mota ta ɗaga waya ta kira duk inda take zaton zai je, ta ce ga abin da ya tambaya, ga abin da na ce masa. Baƙo ya zaga Khartum duka, ƙofa bayan ƙofa, magana ɗaya yake ji. Na taɓa jin wani jakada yana ƙorafi cikin raha cewa bai san amfanin yawonsa ba, tunda duk inda ya je matar nan ta riga shi. Saboda haka, Uwata, duk labarin da ya zo hannunki, ki tambayi kanki wa zai fi jin haushi in ya ji shi daga waje. Wannan shi za ki fara kira, da bakinki, tun abin yana da zafi.

Kuskure na biyu shi ne raini. Wakilin tsaro a teburinmu wani dogon hafsa ne, Muƙaddam Usman, wato mai muƙamin laftanar-kanar, ba ya dariya, ba ya bayani. Duk abin da na kawo sai ya ce a'a. A bayan idonsa Malam A'a nake ce masa, har sunan ya bi shi. Ina tambayarsa dalili, yana kallon silin. Na yanke cewa mugunta ce kawai da son nuna iko.

Wata rana muna wanke hannu bayan fatur Ustaza ta tsaya kusa da ni ta ce a hankali, “Kana tambayarsa abin da aka rantsar da shi kada ya faɗa. Daina ce masa don me. Ce masa me zai sa ya yiwu.” Na gwada a taro na gaba, ba don na yarda ba, don dai in nuna mata ba zai yi ba. Sai ga Malam A'a ya gyara zama. Ya ce in ayarin motocin da muke magana a kansa a ranar zai bi ta hanyar gabas maimakon ta yamma, kuma da rana, kuma a ba shi sunayen direbobi tun da wuri, shi ba shi da matsala. Ya salam! Ashe tun tuni eh ɗin tana bakinsa, ni ne ban san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba. Sai bayan watanni muka ji abin da ke faruwa a waccan hanyar ta yamma, kuma da mun bi ta da ba mu ga da kyau ba. Ya sani tun lokacin, ya haɗiye, ya bar ni ina yi masa suna. Da ya rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Za ki tarar da irinsa a teburinku, watakila ma ya fi shi ɗaure fuska, don abin da suka gani a shekarun nan ba kaɗan ba ne. Kada ki raina shi. Ki gaishe shi da sunansa, ki tambayi 'ya'yansa, ki koyi irin tambayar da yake iya amsawa.

Na uku kuwa kin san shi, don babu wanda bai san shi ba a unguwar nan. Kin sha jin tsofaffin bakin masallaci suna ce mini Habu Rabin-Hanya, kina dariya ba ki san mafarin ba. Yau za ki ji shi daki-daki, don shi ne amsar maganar da kika yi mini jiya.

A wata shekara aka rufe wata iyaka saboda tashin hankali a can ƙetare, mutanenmu da yawa suka maƙale, 'yan kasuwa da masu ziyarar dangi. Yawancinsu ba su da cikakkun takardu, don a lokacin mutum yakan ƙetara da sanayya kawai. Cikinsu akwai Baba Sale, mai sayar da fata a kasuwar Umdurman, aminin mahaifinmu. Lajna tana kan maganar, amma a hankali, don mutanen tsaro suna tsoron makamai su shigo cikin ayari, mutanen lafiya suna son a duba kowa, maƙwabtan kuma suna matsa wa jakadanmu a kwashe mutanen da sauri. Ana nan sai dattawan unguwa suka yi sallama a ƙofar gidan nan bayan la'asar, da goronsu a ganye. Kin san irin zuwan. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tuna mini wanda ya yanka ragon sunana, sannan babbansu ya ce, “Habu, kai ne namu a can. In kana ciki Sale ya kwana a waje, ina amfanin karatun da aka yi maka?”

Wa zai iya da wannan? Mu da muka daɗe muna jin ba mu da kowa a ofis, ranar da muka sami ɗaya sai mu ɗora masa unguwa duka a ka, shi kuma kunya ta hana shi cewa komai. Na karɓi goro. Washegari na shiga wurin mudirina na yi masa bayani, mutumin kirki ne, ya sa hannu a takardar da ke roƙon a bar Baba Sale ya wuce. Ban kai maganar tebur ba, na ce ai mutum ɗaya ne, tsoho, me zai ɗauko? Aka aika. Na yi kwana biyu ina tafiya a unguwa ina amsa gaisuwa da ka.

Takardar ta yi aiki a ƙofar farko. Maƙwabta suka ga hatimin ɓangarenmu, suka cire sunansa daga mutanen da suke ciyarwa, suka sallame shi. Ya taka ya shigo. Da ya iso shingen mutanen tsaro a cikin ƙasa, suka duba ba su da sunansa, ba wanda ya gaya musu komai. Masu rajista su ma ba su san da shi ba. Mutanen lafiya ba su duba shi ba. Ga mutum a cikin ƙasa, babu ɓangaren da ya shaida shigowarsa sai wanda ba shi da iko a kan hanya. Gaba ta ƙi, baya kuma ta rufe, don waɗancan sun ce sun riga sun miƙa shi. Aka ajiye shi a wata rumfar kwano a gefen shinge, a tsakiyar zafi, tsoho mai hawan jini. Sojojin wurin sun yi masa kirki, suna raba abincinsu da shi, amma ba su da ikon sakinsa, kuma da ni ne a matsayinsu ni ma ba zan sake shi ba.

Da labari ya zo, ni da kaina na je na gaya wa Ustaza. Ta saurara har na gama. Abin da ta tambaya kawai shi ne, “Yana da maganinsa a hannu?” Na ce ban sani ba. Ta ɗaga waya ta kira wakilin lafiya, sannan Muƙaddam Usman, kafin azahar an aika masa da magani ta hannun motar soja. Sai ta kira taro washegari da safe.

A wannan taron na ga abin da har yau ban manta ba. An kawo tire, an ci, ba ta bari a ɗauke ba. Ta gutsuri gurasa ta ɗaga ta ce, “Wannan mutum ne. Ba shi da takarda, yana can ƙetare, yana son gida.” Ta ajiye gutsuren a gabana. “Ya zo wurinka, Ustaz Habu. Me za ka yi masa?”

Na ce za mu yi magana da maƙwabta su tara su wuri ɗaya, su ba mu sunaye.

Ta tura gurasar gaban mai rajista. “Ya iso wurinka.”

Ya ce, “Ni ba na rubuta mutum ɗan ƙasa don ya ce shi ɗan ƙasa ne.”

Ta ce, “Daidai. Me zai ishe ka?”

Ya ce in aka sami mutanen unguwarsa da aka sani suka shaide shi, da limami ko shugaban makarantar da ya yi, zai ba shi takardar wucin gadi. Gurasa ta wuce gaban likita, ya ce yana son tanti da ruwa a kan iyaka, ba a cikin gari ba. Mai baitulmali ya yi tsaki ya ce tanti ba daga sama yake faɗowa ba, sai wakilin soja ya ce suna da wasu a ajiye. Gurasa ta iso gaban Muƙaddam Usman, ya ce zai tsayar da mutumin. Ustaza ba ta yi gardama ba. Ta ɗauko gurasar ta maido ta gabana ta ce, “To bai iso gida ba. A sake.” Haka muka yi ta zagaye har aka kira la'asar, gurasar ta bushe ta yi baƙi da man hannuwa. A zagayen ƙarshe Usman ya ce in mutanensa za su zauna a tantin tare da likita da mai rajista, a yi komai a wuri ɗaya a gaban juna, sunayen kuma su riga ayarin isa kowane shinge, to ya wuce. Ya ɗauki gutsuren da kansa ya miƙa mata. Ba wanda ya ci wani a ɗakin nan, kuma ba wanda aka tilasta wa barin gaskiyarsa.

Ga inda abin ya fi yi mini ciwo. Waɗanda suka yi haƙuri a can ƙetare, da shirin ya kankama aka ɗebo su a manyan motoci, suka wuce shinge bayan shinge ba wanda ya tsayar da su. Suka wuce Baba Sale yana zaune a rumfarsa yana ɗaga musu hannu. Shi nasa ya zama daban, don ba ya cikin sunayen maƙwabta kuma ba ya cikin namu, sai da aka yi masa zama na musamman. Shi ya fara tasowa, shi ya zo ƙarshe, kuma bai ƙara komawa kasuwa da ƙarfinsa ba. Da na je gaishe shi ya riƙe hannuna ya ce, “Habu, Allah Ya yi maka albarka, ka kai ni rabin hanya.” Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma 'yan bakin masallaci suna nan, kuma ba su taɓa barin abu ya faɗi ƙasa ba.

Ustaza ba ta kai ƙarata ba, ba ta kuma rufe abin ba. Ta sa ni na tsaya a gaban tebur na bayyana yadda aka yi, don kowa ya ji, sannan ta ɗora mini aikin bin sabon shirin har ƙarshe. Ta ce wanda ya ga inda rami yake shi ya fi dacewa ya riƙe fitila. Na yi aiki da mutane masu digiri da masu taurari, ban ga wanda ya kai matar nan sanin yadda ake riƙe ƙasa ba tare da ɗaga murya ba.

To yanzu ki dubi Gwaggonki. Malaminki na jami'a zai sa miki hannu, na tabbata, don yana ganin kirkinki. Takardar za ta fitar da ita daga sansani, inda aƙalla akwai likita da inuwa da abinci, sannan ta ajiye ta a shinge na biyu ko na uku da ƙafar nan tata da yara ƙanana. Shingayen yau kuma sun fi na zamanina yawa da tsanani, kuma suna da dalilinsu. Ba zan iya ɗaukar wannan ba, Uwata. Na ga rumfar kwanon nan sau ɗaya a raina, ba na son in ga Zainabu a cikinta.

Ga abin da nake roƙonki. Ranar farko, bayan gaisuwa, ki gaya wa shugaban ofishinku cewa gwaggonki tana cikin marasa takarda da ke ƙetare. Ki faɗa da bakinki kafin wani ya faɗa masa, don daga nan ba mai iya cewa kina da ɓoyayyiyar manufa. Sannan ki nemi a ba ki aikin shirya maganar masu dawowa, dukkansu, wanda sunanta ɗaya ne kawai a ciki. Aikin ƙananan ma'aikata ne, yawo ne daga ofis zuwa ofis a cikin gine-ginen da rabinsu babu taga, da jiran mutanen da ba sa son ganinki. Ki je wurin kowane wakili kafin ranar taro, ki sha shayinsa, ki ji tsoronsa. Kada wani ya fara jin shawararki a gaban jama'a. Ke kin san abin da yawancinsu ba su sani ba, cewa a Kalakla da Umdurman har yanzu akwai limamai da ungozomomi da tsofaffin malaman makaranta da za su iya shaida wa aka haifa a wane lungu. Ki kai musu wannan a matsayin taimako, kada ki kai shi da gori. In kuma aka ce miki a'a, ki koma gida ki yi kukanki a ɗakin matar Kawunki, da safe ki wanke fuska ki koma.

Mutanen unguwa za su zo miki da goro, ko su zo wurina. Ki karɓe su da mutunci, ki ba su wuri, ki ce kin ji. Kada ki yi alƙawarin ƙofar da ba a hannunki take ba. Za su ce kin shiga ofis kin manta asali. Ki bar ni da su, na saba da bakinsu.

Ba zan yi miki ƙarya ba, wannan hanyar tana da tsawo, kuma ban san ko ƙafar Zainabu za ta jira ba. Na juya abin a raina har abinci ya daina shiga. Ɗazu da hantsi waya ta shiga, na same ta. Ta fara da murna, ta ce ta gaya wa duk matan layin tantinsu cewa 'yar ƙaninta ta shiga gwamnati, har ta ɗaure kayanta. Na ce, “Yaya, ki kwance kayan. Ni na hana Hawwa. Za ki jira a taho da ku gaba ɗaya.” Sai ta ce, “Habu, ni na goye ka.” Ta kashe wayar. Na sake kira, na kuma kira, ba ta ɗauka ba.

Na yi haka ne don fushin ya tsaya a kaina, ke ki shiga aikinki da hannu biyu. In kin kira ta, kada ki kare ni, ki bar ta ta zage ni son ranta, ki tambaye ta maganinta da abin da yaran suke ci. Abin da nake roƙon Allah shi ne Ya nuna mini ranar da za ta shigo tsakar gidan nan da ƙafarta, ta ƙi amsa gaisuwata, ta zauna ta juya mini baya. Wallahi zan tsuguna a bayanta har ta gaji.

Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin gaggawa. Ya haɗa ki da shugabanni masu haƙuri, Ya sa ki zama sanyin idon waɗanda ke jira. Ya ba ƙasar nan zaman lafiya, Ya dawo da kowa ɗakinsa. Ki gaida Kawunki da iyalinsa. Ki riƙa cin abinci, kuma ki kira mahaifiyarki ko ba ki da abin faɗa.

Ki yi sauri, Uwata, amma ki bi ta tebur.

Mahaifinki,
Habu